Ruwan Alwalar Baba

Yanzu ko ana ruwa ba na sani sai na leƙa taga. Benen da nake ciki kankare ne sama da ƙasa, sai a yi ta zuba tun safe ina zaune ina yankan albasa ban ji ba, sai jikata ta shigo a jiƙe tana zuba mini Faransanci da sauri-sauri, wai wayarta ta ce kada a bi ta hanya kaza. Oho, waya ce yanzu take gaya wa mutum ana ruwa. Mu da muka tashi a ƙarƙashin kwano a unguwar Treichville ta Abidjan ba mai gaya mana, kwanon ne ke magana, kuma in ya fara ko a kunnen mutum ka yi ihu ba zai ji ka ba. Kwanakin baya na bi ta wajen Arras a tasi, na ce wa direba ya rage gudu in ga gidanmu. Babu gidan. An rushe shi, an kafa wani dogon abu mai gilasai, a ƙasansa ana sayar da wayoyi. Na zauna ina kallo, ina jira in ji wani abu a ƙirjina, ban ji ba. Na ce masa mu tafi.

Kur muke ce wa gidan, irin gidan hayar nan mai ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida ɗaya. Hausawa ne suka fi yawa, sai Julawa, sai wata Tanti 'yar ƙasa da ke aiki a ƙaramin asibitin unguwa, ita kaɗai ce ke zuwa coci a cikinmu, kuma ita ce ke fara cin tuwon sallarmu. Da safe abin da ke tashin mutum shi ne karar guga tana bugun bakin rijiya, da tarin tsofaffi, da mai aceke, wato wasa-wasan rogo, tana kiran ciniki a ƙofar gida, da rediyo uku kowace da yarenta. Akwai famfo guda ɗaya a bakin zaure, shi muke sha. Rijiyar tsakar gida kuwa ta wanki ce da wanke-wanke da alwala, tsohuwa ce, ta girmi duk wanda ke gidan, an yi mata murfi da katako. Aikina kullum in ja ruwa in cika baho kafin in tafi makaranta, har yau tafin hannuna bai manta igiyar nan ba. Gefen rijiyar akwai rumfa da tabarmi inda maza ke salla, limaminsu kuma Malam Tsoho, wanda shi ya riƙo hannun Babana daga Kano ya kawo shi Abidjan tun yana saurayi. A gidanmu in Malam Tsoho ya ce abu, an gama magana.

Baba yadi da atamfa yake sayarwa a Adjamé, wani ɗan shago a bayan kasuwar da ake ce wa Black Market. Mutum ne marar hayaniya, mai kunya kamar baƙo a ɗakinsa, abin da yake yawan faɗa shi ne, “A bar wa yara.” Nama ne, a bar wa yara. Wurin da iska ke shigowa ne, a bar wa yara. Inna kuwa wuta ce. Tana iya yi wa mai kifi faɗa da Hausa, ta juya ta ƙarasa da Julanci, ta rufe da Faransancinta na kasuwa wanda mu 'yan makaranta muke dariyarsa a ɓoye. Amma duk zafinta ban taɓa ganin ta ɗaga ido ta dubi Malam Tsoho ba. In za ta wuce rumfarsu sai ta cire takalmi ta riƙe a hannu.

Shekarar da nake magana na gama zama budurwa, ƙanwata Auta kuwa ba ta daɗe da yaye ba. Damina ta zo da ruwan da ya ƙi ɗaukewa. Kwatoci suka cika da leda da shara suka toshe, ruwan ya rasa hanyar zuwa lagun, wato babban tafkin nan da ya ratsa gari, sai ya shigo mana. Ba da gudu ya shigo ba, a hankali, ta ƙarƙashin ƙofa, kamar mai sallama. Muka ɗora katifu a kan tebur, muka ɗora Auta a kan katifu, muka tsaya muna kallon takalmanmu suna yawo a ɗaki. Masai biyu da ke bayan gida suka tumbatsa, abin da ke cikinsu ya fito ya gauraye da komai, ya rufe tsakar gida, ya haye bakin rijiya. Da ruwan ya janye ya bar mana baƙin taɓo da wari da layi a jikin bango daidai cinyata. Famfo ya ɗauke, wai bututu ya fashe a wani wuri. Ba wanda ya yi kuka. Kowa ya ɗauki tsintsiya.

A ranar Tanti ta tara matan gida a tsaye cikin taɓo, da takalmin roba har gwiwa. Ta ce ruwan da ya tafi ba shi ne abin tsoro ba, abin da ya bari shi ne. Ta ce an fara kawo masu amai da gudawa asibitinsu daga unguwannin bakin lagun, kuma ciwo ne da yake ɗaukar babban mutum tsakanin safe da yamma. Matan suka ce Allah ya kiyaye, suka koma shara. Inna ce kaɗai ta tsaya ta yi ta tambaya har Tanti ta gaji. Da ta shigo ɗaki ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, “Ku ji ni da kyau. Ba wanda za a fitar daga ɗakin nan a kwance. In na ga hannun wani ya je bakinsa ban sani ba, ni zan kashe shi kafin ciwon.”

Daga nan ta ɗaura yaƙi. Buhun shinkafar da ruwa ya taɓa ta sa aka fitar, Baba yana cewa a shanya, ta ce ko kaji ba za ta ba wa ba. Ta hana kunna wuta sai da mai gyara ya zo ya duba wayoyin bango. Ta hana taka tsakar gida ba takalmi, ni da na yanke a ƙafa da kwalba ta wanke mini da sabulu har na ga taurari. Auta kuwa goye take a baya wuni guda, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Aka daina sayen aceke da yankakken abarba a titi. Ruwa muke saye wajen masu turo shi a kura daga unguwar da famfonsu bai ɗauke ba, Inna ta raba shi biyu. Na sha, a tafasa shi a babbar tukunya a rufe, moɗa ɗaya ce ke shiga, ita ma rataye take a ƙusa. Na wanke hannu da kwanuka, a zuba a barik, wato babbar durom ɗin nan ta roba, a ɗiga masa jabel yadda Tanti ta nuna, a bar shi ya ɗan zauna. Jabel shi ne ruwan nan mai ƙarfin wari da ake wanke farin kaya da shi. Kai, mun shaƙi jabel a shekarar nan! Tuwo warinsa, filo warinsa, har Auta in ka sunsuna kanta shi za ka ji. Wahalar ita ce gawayi. Duk na unguwa ya jiƙe, busasshen ya yi wuya, sai Inna ta yi ta fifita tana hawayen hayaƙi kafin tukunya ɗaya ta tafasa.

Ita rijiya, maza suka taru suka kwashe ta, suka yi ta ja suna zubarwa har ruwan ya daina fitowa baƙi. Bayan 'yan kwanaki ya kwanta ya yi garau, kana hango fuskarka a ciki. Ina tsaye ina shanya ranar da Malam Tsoho ya sa aka jawo masa guga ɗaya. Ya duba, ya sunsuna, ya ɗanɗana da bakin yatsa, ya ce alhamdu lillahi, ruwa ya koma yadda Allah ya halicce shi. Sannan aka kawo masa na barik ɗin Inna, ya kai hanci ya kawar da kai. Ya ce abin da suka karanta tun suna yara shi ne, ruwan alwala sai wanda launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su sāke ba, wannan kuwa an zuba masa abu har warinsa ya juya, a wanke kwano da shi amma ba a tsaya gaban Ubangiji da shi ba. Ba da faɗa ya faɗa ba, kuma ba mugunta a ciki. Abin da ya sani ke nan, ya kuma riƙe shi tsakani da Allah.

Inna ba ta iya yi masa musu, sai ta tare Baba a ɗaki.

“Malam, ka ɗebi na tukunya ka yi alwalarka. Shi ba wari.”

“Wanda kike shan hayaƙi kafin ya tafasa? Sau biyar a rana in zubar da shi a ƙasa? A bar wa yara, Kulu.”

“To na barik.”

“Kin ji abin da Malam Tsoho ya ce. Kuma ai ba sha zan yi ba. Alwala ce.”

Inna ta ƙyale shi, don ita ma a ranta maganar ta zauna. Ba sha ba ne. Duk gidan haka muka ɗauka, har Tanti da take wucewa ta gan su a tsugune da butoci ba ta ce komai ba, ita a ganinta wanke ƙafa suke yi. Mu mata muna alwala a ɗaki da na barik, don Inna ta ce hukuncin maza ya tsaya a rumfar maza. Baba kuwa bai taɓa shan ko kurɓi ɗaya da ba na tukunya ba, har gora yake cikawa ya tafi da ita kasuwa. Ya bi dokar Inna kaf, ya fi mu bi.

Yaran yanzu an koya musu a makaranta cewa akwai abin da ido ba ya gani a cikin ruwa, suna sayen na leda da na roba, suna kallon rijiya kamar kayan tarihi. Mu ma 'yan boko na lokacin an koya mana, mun rubuta a jarrabawa mun ci. Amma abin makaranta yana zaune a makaranta, abin rumfa yana zaune a rumfa, ba wanda ya taɓa haɗa mana su wuri ɗaya. Mutum ya ga abu sau dubu tun yana rarrafe, sai ya daina ganinsa.

Ruwan ya taɓa shagon Baba shi ma, ta rufi ya shiga ya jiƙa bandir-bandir na yadi, don haka nake bin sa Adjamé in taya shi warwarewa da shanyawa. Adjamé ba ta san an yi ambaliya ba. Motocin hayar da ake ce wa gbaka suna ta hon, yaran mota na rataye a ƙofa suna kiran unguwanni, masu gwanjo sun baza kaya a kan taɓo, kaset na tashi ta ko'ina. Ranar muna cikin ninke wata atamfa, shi da gefe ni da gefe, sai ya saki nasa ya ce yana zuwa. Ya dawo, muka ci gaba, ya sake cewa yana zuwa. Haka ya yi ta yi. Bahaushen uba ba ya gaya wa 'yarsa budurwa cewa cikinsa ya ɓaci, ko zai mutu. Na ce, “Baba, lafiya?” Ya ce zafi ne. Na ga idonsa ya faɗa, leɓensa ya bushe, muryarsa ta koma siririya kamar daga cikin tulu. Sai maƙwabcin shagonsa, wani Bajule mai sayar da rediyo, ya ja ni gefe ya ce, “Ton vieux-là, ça va pas,” tsohonki ba lafiya, ya gan shi a bayan kasuwa yana dafa bango, abin da ke fita daga jikinsa fari ne kamar ruwan wankin shinkafa.

Muka sa shi a tasi. Na tuna abin da Tanti ta ce, na sayi sukari da gishiri wajen mai shayi na kaɗa a gorarsa, ina ba shi yana kurɓa yana dawowa da shi. A kan gada muka tarar da cunkoso. Direba yana zagi, yana cewa za a ɓata masa kujera. Baba ya jingina kansa da gilashi, yatsunsa sun yamutse kamar na wanda ya wuni yana wanki, yana ta ba direban haƙuri. Ni kuwa ina kallon lagun ta taga, ruwan ya yi ja, wani kwale-kwale yana wucewa, na tsinci kaina ina tunanin ban rufe shago ba. Abin da ke raina ke nan, wallahi, ba wani abu ba.

A asibiti an kafa rumfuna a fili, gadaje masu huji a tsakiya da bokiti a ƙasa. Suka karɓe shi, suka nemi jijiya suka sa masa ruwa, suka ce mu tsaya bayan igiya. Inna ta iso da Tanti. Ma'aikatan sun yi iya yinsu, amma an ce ya zo a makare, jikin ya riga ya tsotse. Washegari da hantsi wani mai farar riga ya fito ya kira sunansa, muka matsa, ya faɗa mana. Inna ta ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ta gyara goyon Auta. Ba su ba mu shi mu kai gida ba, sun ce gawar mai wannan ciwo ita ma tana kamawa. A can aka yi masa wanka da sutura, daga can maza suka wuce da shi maƙabarta. Mu mata aka ce mu koma gida.

Muna tafe a ƙasa Tanti ta yi ta tambaya. Me ya ci da ba mu ci ba? Babu. Ya sha ruwa a kasuwa? Inna ta ce gorarsa ce shaida. Sai Tanti ta ce ai da asuba an kawo wani tela na gidanmu asibitin shi ma, yana rumfa ta biyu. Inna ta tsaya cak a tsakiyar titi. Telan nan gwauro ne, ba ya cin abincin kowa, ba abin da ya haɗa shi da Baba sai sahun salla.

“Tanti,” in ji Inna, “in mutum ya kurkure baki ya zubar, ya shaƙa a hanci ya fyace, ya sha ko bai sha ba?”

“Wa yake kurkure baki da me?”

Inna ta ƙara sauri har muna gudu-gudu a bayanta.

Gida ya cika da mata 'yan gaisuwa, an share ɗakinmu an shimfiɗa tabarma a lungu inda mai takaba za ta zauna, ba ta fita, ba ta haɗa ido da namiji. Inna ta kwance Auta ta miƙo mini. Ta yafa farin mayafi, ta wuce ƙofar ɗakin, ta ratsa tsakar gida, ta ja murfin katako ta rufe rijiya, ta hau ta zauna a kai. Tsofaffin mata suka yi ca, Kulu kin haukace, taso, ba a yin haka. Ko kallonsu ba ta yi ba. Ba ta kuka, fuskarta kamar an shafe ta. Na ji wata tana raɗa wa wata cewa wannan mata zuciyarta dutse ce, miji ko sanyi bai yi a kabari ba.

Maza suka dawo daga maƙabarta ana kiran la'asar, sun fi cikin rumfa, 'yan kasuwa daga Adjamé da mutanen unguwa, ƙafafu duk jar laka. Kowa ya ɗauki buta ya nufo rijiya, suka tsaya. Malam Tsoho ya fito gaba yana dogara sanda, idonsa ja, don shi ya sa Baba a kabari da hannunsa.

“Kulu, tashi 'yata. Wannan ba wurin zamanki ba ne. Mutane za su yi alwala.”

Inna ta ɗago ta dube shi, karo na farko a rayuwata da na gani. Muryarta ba ta tashi ba.

“Allah gafarta Malam, ruwan nan ne. Ta baki ya shiga, sau biyar a rana. Tela ma yana can kwance.”

“Ajali ne, Kulu.”

“Na yarda ajali ne. Amma na ba da ɗaya, ba ni da na biyu. Ga barik can. In ba ku so, a dafa muku, in gawayi ne babu ga gadona a faskara. Wanda zai ja ruwan nan sai ya ɗaga ni.”

Wasu samari suka fara gunaguni, Malam ya ɗaga musu hannu. Ya daɗe a tsaye yana kallon butar hannunsa, leɓensa na motsi. Ban san abin da ya wuce a ransa ba, ni dai ina rungume da Auta ina jin ƙafata da ta yanke tana zugi. Can sai ya sunkuya ya ajiye butar a ƙasa. Bai je wajen barik ba. Ya ce wa wani ya shiga ɗakinsa ya ɗauko masa dutsen da yake taimama da shi in ciwon ƙafa ya tsananta. Aka kawo, wani sumul ɗin dutse kamar ƙwarya. Ya juya ga jama'a ya ce ruwan da ake tsoron zai cutar da mutum, hukuncinsa kamar babu shi ne, yau taimama za a yi. Ya buga tafukansa a kan dutsen, ya shafi fuska, ya shafi hannuwa, ya miƙa wa na kusa da shi. Dutsen ya yi ta tafiya hannu zuwa hannu, manyan mutane da rawuna suna shafa busassun tafuka a fuska, ga rijiya cike taf a gabansu da mace zaune a kai. Suka tayar da salla. Ba a sake fitar da kowa daga kur ɗinmu a kwance ba a daminar nan, tela ma ya dawo da ƙafarsa.

Da suka sallame na matsa kusa da ita. Rana ta karkata tana dukan fuskarta, mayafin ya jiƙe da gumi, hannuwanta biyu sun riƙe gefen katakon har jijiyoyin sun fito.

Na ce, “Inna, sun yarda. Taso ki shiga ɗaki.”

Ta dube ni kamar ba ta gane ni ba. Ta ce, “Da sauran magariba.”

Sai na ɗauko tabarma na shimfiɗa a gindin rijiyar, na zauna da Auta a cinyata, matan suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya suna durƙusawa a nan suna yi mata gaisuwa.